Ranar da muka kai Hajiya da jikokinta gidan zu

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani abu da wasu za su ga kamar ba shi da muhimmanci, wato kai yara ƙanana gidan zu. Na san wani zai ce ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta shi kuma wannan ya zo mana da zancen biri da kura, to ya yi haƙuri ya karanta tukuna.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya autana ɗan shekara 6 ya dawo daga makaranta da littafinsa na turanci yana nuna min hotuna yana ta rawar kai, wannan layon, wannan elefan, wannan zebra, sai na ce masa to madalla, da Hausa fa? Layon dai ya ce zaki. Elefan sai ya yi tsuru-tsuru, sai da yayarsa ta raɗa masa. Da muka zo kan wata dabba mai dogayen ƙayoyi a jiki duk suka haɗa baki suka ce bushiya, ni ma da girmana na ce eh bushiya ce, sai Hajiya mahaifiyata da ke gefe kan darduma tana jan carbi ta leƙo ta ce wannan ai beguwa ce, ku da uban naku duk sammakal. Wallahi na ji kunya. Abin da ya fi damuna ma, yaron nan tun bara ya haddace Alam tara a Islamiyya, yana jin giwa a tatsuniyar da kakarsa ke musu da daddare, ga kuma elefan a littafi, amma a kansa abubuwa uku ne daban, bai taɓa sanin dabba ɗaya ce ba.

Shi ne da aka yi hutu na haɗa nawa uku da na ƙanena uku da maiɗakina, na ce Kano za mu, tunda ƙanwata na aure a can akwai wurin kwana. Hajiya da farko cewa ta yi ba da ita ba, wai ba gidan da zaki ya taɓa kuɓucewa ba ne a 2019 aka kwana ana nemansa? Sai autan ya ce mata ashe ke matsoraciya ce, to na sake ki, ita kuma ta ce ja'iri mijin da ko kuɗin cefane ba ya bayarwa, ta tashi ta ɗauko mayafi. Wasan jika da kaka ne ya kai ta Kano, ba lallashina ba.

Bayan asuba muka bar Tudun Wada, muka bi ta Kwangila muka ɗau hanya, Tashar Yari, Kwanar Dangora, da muka iso Kura direba ya ce ga Kura nan sai yaran suka yi caa kan taga wai ina take, ɗan ƙanena har yana tambaya ko mutanen garin da kuraye suke kwana. Na ce to ku da kuke da Giwa nan kusa da ku a hanyar Funtuwa, giwa nawa kuka gani? A mota na ba su labarin wanda ya gina gidan, Audu Bako, ɗan sanda ne kuma shi ne gwamnan jihar Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, a farkon shekarun 1970 aka buɗe wurin shi ya sa ake kiransa da sunansa. Ba su wani saurare ni ba gaskiya, hankalinsu na kan kular shinkafa.

Da gangan na ƙi zuwa lokacin sallah. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan zu da sallah ya san abin da nake nufi, mutane ne kamar ƙasa, yaro ba abin da zai gani sai ƙeyar manya da ƙura, kai kuma hankalinka duk yana kan kada wani ya ɓace maka. Ranar Talata muka je, ba cunkoso, muna iya tsayawa gaban keji ɗaya yadda muka ga dama.

Wurin kura muka fi daɗewa, kuma nan ne na gane amfanin tafiya da tsohuwa. Yaran nan duk abin da suka sani game da kura daga tatsuniya ne, wawiya, makwaɗaiciya, matsoraciya, kullum Gizo ko dila na yi mata wayo tana shan duka. Su a zatonsu wata aba ce kamar karen unguwa mai ban dariya. Da suka ga wuyanta da faɗin kanta da yadda take kai da kawowa ba ta ko kallonmu, shiru suka yi, autan ya matso ya riƙe zanin matar da ya saka ɗazu a gida. Can sai babbar 'yata mai shekara 10 ta ce Baba gurguwa ce? Na ce me kika gani, ta ce bayanta ya yi ƙasa kamar za ta zauna. Na ce sake dubawa da kyau, ta duba ta duba ta ce ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo. Ita ta gano da kanta, ban faɗa mata ba, kuma na tabbata wannan ba za ta manta ba ko ta tsufa. Daga nan na ƙara musu da ɗan abin da na sani, cewa a irin wannan kurar mai dabbare-dabbare mace ta fi namiji girma kuma mata ne ke shugabancin garke, cewa ba mushe kaɗai take ci ba farauta take da kanta sosai, kuma muƙamuƙinta na farfasa ƙashi har kashinta ya kan bushe ya yi fari fat saboda ƙashin da take ci. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge mazan, kun dai san yara. Hajiya kuma ta ce akwai wata iri mai zane-zane a jiki, sayaki ake ce mata, ta fi wannan ƙanƙanta da kunya, ta kuma ba su labarin yadda suna yara a ƙauye da magariba ake kulle awaki saboda kura, in ta yi kuka cikin dare ko fitsari ba mai fita. Sai ta jefo musu karin magana, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, ɗan ƙanena ya ce mene ne gardi, aka koma bayanin masu wasa da kura da ke yawo kasuwa-kasuwa da ita da takunkumi da sarƙa suna sayar da magani. Kun ga daga keji ɗaya an yi kimiyya, an yi Hausa, an yi tarihin gida, ba allo ba bulala.

Zaki kuwa kunya ya ba su. Manyan dawa guda, sarkin da ake ta zuzutawa, muka tarar ya miƙe a inuwa yana sharar barci ƙudaje na bin fuskarsa. Autan ya ce Baba wannan ai rago ne. Na ce haka Allah ya yi shi, ko a daji zaki yakan kwashe awa 16 zuwa 20 a rana yana kwance, yawancin farauta ma matan ne ke yi, sai maiɗakina ta ce ashe abin har a daji, aka yi dariya ni dai ban tanka ba. Muna nan tsaye sai ga wasu samari su uku da wayoyi a hannu, ɗaya ya tsinci tsakuwa ya fara jifan zakin wai ya tashi ya yi gurnani su ɗauki bidiyo su sa a TikTok. Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ni, ta ce kai ɗan nan in kana barci aka jefe ka za ka ji daɗi? Ka ji tsoron Allah, dabba ce ba ta da bakin kai ƙara. Yaron dai ya yar da tsakuwar suka wuce suna gunaguni. Daga baya da muka zauna cin abinci ta tuna wa jikokin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Duk sun san hadisan nan, sun karanta a Islamiyya, amma ranar ne suka ga inda ake aiki da su. Ɗan ƙanena mai ɗanko a aljihu kullum yana harbin ƙadangaru, tun da muka dawo dai ban ce ya daina ba, amma in zai yi sai ya waiga ya ga ko Hajiya na kallo.

Jimina ba mu daɗe ba amma an ƙaru. Na ce kowa ya ƙirga min yatsun ƙafarta, suka ce biyu, na ce na kaza fa, nan gardama ta ɓarke tsakanin masu cewa uku da masu cewa huɗu, yaran da kullum suna tare da kaji a tsakar gida amma ba wanda ya taɓa dubawa. Sai da muka dawo Zariya aka kamo zakara aka ƙirga, masu huɗu suka ci. Na faɗa musu ita ce tsuntsu mafi girma a duniya, ba ta tashi sama amma gudunta na kai kilomita 70 a awa, kuma ƙwanta ɗaya ya kai na kaza wajen 24, sai yarinyar ta fara lissafin mutum nawa za su ci wainar ƙwai ɗaya da burodi.

A wurin kada kuwa haƙuri suka koya, ko in ce ni na koya. Ta buɗe baki ta sanƙare kamar an sassaƙa ta da siminti, yaran suka ce ta roba ce an yaudare mu, ni har na ce mu wuce rana na yi, sai ƙaramar 'yar ƙanena mai shekara 5 ta ce ita ba za ta tafi ba sai ta motsa. Muka tsaya, minti biyar, minti goma, can sai kadar ta ƙifta ido ta ɗan ja jela, yarinyar nan ta daka tsalle tana ihu kamar an ba ta kyautar keke. Na ce musu buɗe bakin da ta yi shan iska take, haka take rage zafin jiki. Yaran yanzu da katun ya saba musu komai na tsalle yana magana kowane daƙiƙa, a samu abin da zai tsayar da su minti goma suna kallo ba tare da an danna komai ba, ni a wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin mota.

Sai birai. Nan kam an sha dariya, ana ta biri ya yi kama da mutum, suna gwada tafin hannunsu da nasa, ga farce ga zanen hannu, ga wata da ɗanta maƙale a ciki tana duba masa ƙwarƙwata sak yadda ake wa yara tsifa. Manya kuma aka tuna labarin nan da ya karaɗe gari a 2019 wai gwaggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma irin wannan birin a gidan, Najeriya kenan. Ana cikin raha sai yarinyar nan mai shekara 5 ta ja min riga ta ce Baba Babba, me ya yi aka kulle shi?

Edita, ban samu amsa nan take ba. Don gaskiya ni kaina ba wai raina na min daɗi ba ne in ga dabbar da Allah ya yi wa daji guda tana zagaye a ɗaki ɗaya, kuma ba na son in yi wa yarinya ƙarya in ce yana jin daɗi. Abin da na ce mata shi ne bai yi laifin komai ba, an kawo shi ne don mu gan shi mu san shi, shi ya sa wajibi ne masu kula da shi su ciyar da shi su yi masa magani, mu kuma masu zuwa kada mu tsokane shi kada mu jefa masa leda ko cingam. Ta ce to in mun gama ganinsa za a mai da shi gidansu? Nan ne Hajiya ta karɓe ni ta ce gidan nasu ai mun cinye shi, mun sare mun yi gawayi mun yi gona.

Kuma gaskiya ta faɗa. Ita da ta tashi a ƙauye tana lissafa abin da ta gani da idonta ko ta ga mafarauta sun kawo, gada, barewa, gwanki, mugun dawa, dila, damo, guza, gauraka, burtu, ni rabi na sani a baki kawai, jikokinta kuwa ko sunayen ba su taɓa ji ba. Ko ungulu da muna yara ba ka zuwa mahauta ka rasa ta jere a kan katanga, yaushe rabon da wani ya gan ta a Zariya? Zakunan da suka rage a dazukan Najeriya yanzu a Yankari da Kainji kawai ake maganarsu, su ma 'yan kaɗan. Giwaye akwai saura a Yankari ɗin da ke Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956. Raƙumin dawa irin na yankinmu na Afirka ta Yamma sai a Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, a 1996 saura 49 kacal suka rage, da aka tashi tsaye aka kare su yanzu sun haura 600, wato abin ba gagara ya yi ba in an so. Mu nan jihar Kaduna muna da gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari amma wa zai kwashi 'ya'yansa ya nufi can da halin tsaron da yankin ya shiga a shekarun nan? To in ba gidan zu ba ina ɗan talaka zai ga waɗannan halittu? In dabbar ta ɓace sunanta ma bin ta yake, karin maganar da ke kanta ta zama surutu, yaro zai ji an ce damo sarkin haƙuri ya ɗauka wani basarake ne.

Yanzu bari in zo kan makarantu, don a nan nake da ƙorafi. Bara makarantar su babbar 'yata, ba zan kama suna ba, sun karɓi kuɗin eskoshon sun kai su gidan zu, na tambaye ta me kika gani ta ce an sha askirim an hau lilo. Yara sun fi 60 a bas biyu, malamai uku, an jera su a layi kowa ya riƙe rigar na gabansa, anti na gaba tana ku yi sauri ku yi sauri, a minti 40 an gama zagaye, sauran lokacin hoto ake ta ɗauka da yunifom don a sa a kalandar makaranta. Da suka dawo aka rubuta musu rahoto a allo kowa ya kwafa iri ɗaya. Yarinyar da ta gano ƙafafun kura da kanta a tafiyarmu, ita ce dai ta je wancan karon ta dawo ba ta ma tuna ko ta ga kura ba. Dabbobin ba su canja ba, lokacin tsayawa ne ba a ba ta ba, kuma ba wanda ya tambaye ta me kika gani. Ni shawarata ga hedimastoci, in za a je a kasa yara kashi-kashi kamar takwas ko goma da babba ɗaya, a roƙi iyaye biyu uku su bi, in da hali a ɗauki dattijo ko tsohon maharbi a tafi da shi a ba shi ɗan na goro, kuma ba dole sai an ga komai ba, dabba biyar da aka tsaya aka kalla sun fi hamsin da aka wuce da gudu. A bar yaro ya yi tambaya da Hausa, a ba shi amsa da Hausa, sannan a faɗa masa sunan turancin, ba wai a ci shi tarar banakula a gaban kejin biri ba. Sai kuma a kula da hannuwa, yaro ƙarami yana ganin waya zai zura yatsa, biri kuma ba ya wasa da cizo.

Wanda ba shi da kuɗin zuwa Kano ko Jos, kada ya ce shi ke nan. Ranar da aka samu sarari a kai yaro kara ya ga shanu da tumaki iri-iri, a nuna masa bambancin balami da uda da 'yankasa, ya ga yadda ake duba haƙori a gane shekaru. A je gindin dutsen Kufena da sassafe ko bakin Kubanni da Galma a ga tsuntsaye, balbela, zalɓe, shirwa, in damina ta kusa a nuna masa shamuwa a ce ga mai albishir da ruwa ta iso. Ga jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru tun 1962 da tsangayar likitancin dabbobi, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi a Shika, me zai hana makarantun firamare na gwamnati su rubuta takarda su nemi izinin kai ɗalibai, su kuma malaman can su ware ko rana ɗaya a zango su karɓi 'ya'yan maƙwabtansu? Yaron Samaru ko Bomo da ke wucewa ta bakin get kullum, wataƙila ranar ce zai ji yana son zama likitan dabbobi.

Ku ma Edita ina da roƙo gare ku, ku ɗan ware wani lungu a jaridar nan kowane mako ku sa hoton dabba ɗaya da sunanta na Hausa da kirarinta da karin magana ɗaya ko biyu a kanta, mu iyaye mu riƙa nuna wa yara, mu ma mu ƙaru don kada a sake kama ni da bushiya.

Mun dawo dai yau sati uku, an fara adashin zuwa Yankari in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, yaran har sun ji labarin ruwan ɗumi na Wikki sun fara rigimar wa ya iya iyo. Matsalar da aka samu guda ɗaya ce, tatsuniya ta lalace a gidanmu. Shekaranjiya Hajiya ta ce ga ta nan ga ta nanku, suka ce ta zo mu ji ta, ta fara labarin yadda Gizo ya ɗaure kura ya yi mata dukan tsiya, sai autan ya ɗaga hannu kamar a aji ya ce Hajiya wannan ba zai yiwu ba, kin ga wuyanta kuwa? Ta ce to malam tunda ka fi ni sani kai ka ƙarasa, ta juya ta ba shi baya. Har yanzu ana sulhu, ya kai mata goro biyu da kuɗina ta karɓa amma ta ce sai ta yi shawara.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani uba daga Tudun Wada, Zariya